Ranar da Aka Sauke Doyata a Yendi

Ni 'yar Salaga ce, a gidan fatake aka haife ni. Kakanninmu goro suka yi fatauci, mu da muka taso doya muka tarar. Na fi shekara ashirin ina sayen doya a ƙauyukan da ke kewaye da mu, in kai Bawku, in dawo da albasa. Yayana, wanda nake bi, shi ke tuƙa ni. Yana da tsohuwar babbar mota shuɗiya, an rubuta mata "Sai Haƙuri" a goshi da farin fenti, kuma duk wanda ke zaune a bakin hanyar nan ya san ta. Mukan bi ta Bimbila mu shiga Yendi, daga nan Gushegu, Nakpanduri, mu gangara Garu, sai Bawku.

Da rikicin Bawku ya sake tashi, aka soma tare motoci a daji, sai gwamnati ta fito da sababbin dokokin hanya. Wani jami'i ya zo tasharmu ya tara direbobi da mu masu kaya a ƙarƙashin rumfa. Ya ce masu neman kashe hanya yanzu ba da bindiga kaɗai suke zuwa ba. Wani zai lalata turken wayar salula don a rasa yadda za a kira taimako, wani zai kwance ƙarfen gada, wani kuma yana kwance a ɗakinsa zai ƙirƙiri labari ya jefa cikin wayoyin mutane. Don haka daga ranar, duk motar da za ta yi arewa sai an rubuta sunan kowa da katin shaidarsa, a ɗauki hoton kaya tun ana lodi, a rufe tamfol a gaban ma'aikaci, ya ɗaura wa igiyar hatimi. Daga Yendi zuwa sama kuwa ba mai tafiya shi kaɗai, sai cikin ayari da rakiyar soja.

Mun yi gunaguni sosai. Ni kam na ɗauke shi cin fuska. Mahaifina ya yi ta kai kaya Bawku ba wanda ya taɓa leƙa masa buhu, yau kuma wai sai an ɗauki hoton doyata kamar ɓarauniya.

Ranar tafiyar da zan ba da labari, ma'aikacin hatimi ya makara. An gama lodi tun hantsi, rana ta fara dukan doya, ita kuwa sabuwar doya ba ta son zafi. Na ce wa Yaya mu rufe mu tafi, a Yendi ma akwai masu hatimi. Yana zaune a kan benci yana goge tabarau, ya ce ba inda za shi. Na yi faɗa, na ce kayana ne za su lalace ba nasa ba. Ya ci gaba da goge tabarau. Sai wajen ƙarfe goma sha ɗaya mutumin ya iso a kan babur. Ya sa aka buɗe masa ta gefe ya leƙa, ya karɓi hotunan da shugaban tasha ya ɗauka tun motar tana wayam, ya ɗaura hatiminsa. Muka tashi ba na yi wa Yaya magana.

Mun wuce Bimbila da kaɗan wayata ta yi ƙara. Aminiyata ce ta Bawku, wadda nake sauke wa kaya tun muna da ƙuruciya, ita kuma take tara mini albasa. Ko gaisuwa ba ta tsaya ta gama ba, ta tambaye ni inda muke. Na faɗa mata.

"Hajiya, kar ku zo," in ji ta. "Na turo miki wani abu. Ki saurara tukuna, ki ba Yaya ya ji."

Saƙon murya ne. Namiji ne ke magana da Hausa, a natse, kamar mai karanta sanarwar rasuwa. Ya yi sallama, ya ce yana gargaɗin al'umma cewa wata shuɗiyar mota ta taso daga Salaga ɗauke da bindigogi a ƙarƙashin doya, za a kai wa ɓangare guda a Bawku. Ya faɗi abin da aka rubuta a goshinta. Ya karanta lambarta daga farko har ƙarshe, bai yi kuskure ba. Ya ce akwai mace a gaba, an sa ta ne don kada a yi zargi. Daga ƙarshe ya roƙi duk wanda ya ji ya tura wa ɗan'uwansa, don a ceci rai.

Na sake kunnawa na kara wa Yaya a kunne yana tuƙi. Na ga wuyansa ya sandare. Bai rage gudu ba, bai ƙara ba. Ni kuwa na koma kallon hanya. Duk babur ɗin da ya wuce mu sai in ga kamar mai shi ya waiwayo yana karanta rubutun.

Na ce mu juya, mu koma gida. Yaya ya ce in muka juya mun amsa laifi ke nan, kuma ƙauyukan da muka bari a baya su ma suna da waya. Ya ce wuri ɗaya ne ya rage mana, shingen jami'an tsaro na bakin Yendi, mu kai kanmu kafin wani ya kai mu. Sauran tafiyar ban san yadda muka yi ta ba. Na rufe fuskata da mayafi ina ta salati. A wani ƙauye mun tarar da samari tsaye a bakin hanya, ɗaya ya ɗaga waya yana ɗaukarmu, wani ya bi mu da gudu yana bugun jikin motar da tafin hannu. Yaya ya riƙe sitiyari da hannu biyu ya wuce.

A shingen ma saƙon ya riga mu isa. Tun daga nesa aka ɗaga mana hannu, sojoji biyu suka gyara riƙon bindiga. Yaya ya kashe mota, ya fitar da hannayensa ta taga, ya ce shi ne mai motar da ake magana, ya zo a bincike shi. Masu sayar da ƙosai da ruwa a wurin suka kwashe kayansu suka ja baya.

Wadda ke shugabantar wurin mace ce, ba ta kai ƙanwata ta uku ba a shekaru. Daga baya ta gaya mini a Paga ta tashi. Hausarta irin ta zango ce, wato unguwannin baƙi na Gana, "kai" take ce mini. Ta duba katinmu, ta zagaya ta duba hatimin, ta kira Salaga aka turo mata hotunan. Ta daɗe tana kallon wayar tana kallon motar. Sai ta ce hatimi bai taɓu ba, hotuna sun yi daidai, ita a ranta ta gamsu. Na fara hamdala, ta ɗaga mini hannu, ta kira ni Mma, yadda ake kiran uwa a nan.

"Mma, ni na yarda. Amma mutane da ke can ba su ga hatimi ba. Za mu sauke duka."

Na ce duka me? Ta ce doyar, ɗaya bayan ɗaya, har a ga katakon ƙasa.

Aka shigar da motar wani fili da ke bayan shingen. Ba ta bari an taɓa igiyar ba sai da ta aika aka kira shaidu: wakilin limami, wani dattijo daga fada, shugaban tashar Yendi, da magajiyar kasuwa. Kafin su taru la'asar ta kusa. Mutanen gari kuwa sun cika bayan wayar da ta kewaye filin suna leƙe. A gabansu aka yanke hatimin, wani soja yana ɗaukar hoton bidiyon komai da waya.

Wanda bai san doya ba zai ce ai saukewa ce kawai. Lodin doya gini ne, ana jera ta kai da gindi, a sa ciyawa tsakani, don kada ta gogi juna. 'Yan dakon da aka samo a tsorace suke, kowa na son ya gama ya bar wurin. Suna cafewa suna jefarwa. Ina jin ƙarar karyewarta, ina ganin farin cikinta a ƙasa. Na shiga tsakaninsu ina roƙo a yi a hankali, ba mai saurarena. Da na ga ba zan iya ba, sai na koma gindin wata bishiya na zauna. Can na hango Yaya ya tuɓe riga ya hau motar da kansa, yana karɓa yana miƙawa, mutumin da ya haura sittin.

Jami'ar ta zo ta zauna kusa da ni, ta miƙo mini ruwa. Ta tambaye ni ko ina da abokin gaba. Na lissafa a raina, kishiyoyin sana'a akwai, amma ban ga wanda zai nemi a ƙone ni da raina ba. Ta ce wataƙila mai muryar bai ma san ni ba. Abin da yake bukata mota ce da kowa ya sani. In aka tare ta aka ƙone, mutanen Salaga za su ce an kashe nasu, a rama a kan wata motar, cikin mako guda ba mai bin hanyar, shi kuwa bai harba ko harsashi ɗaya ba.

Sai ta tambaye ni ko ni ma ina tura irin waɗannan saƙonni. Na buɗe baki zan ce a'a, na tuna. Ba a yi wata guda ba, an turo mini cewa an ƙone motar fasinja a hanyar Karaga. Ban tambayi kowa ba, na tura wa duk matan ƙungiyarmu ta fatake. Ranar kasuwar Karaga ba wadda ta je a cikinmu, manoma suka yini da hatsinsu suka koma da shi. Daga baya muka ji ba abin da ya faru, muka yi dariya muka manta. Na gaya mata. Ba ta yi mini faɗa ba, ta gyaɗa kai kawai ta tashi. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Rana ta yi ja kafin a kai ƙasa. Aka share ciyawar, aka ɗaga katako, aka leƙa ƙarƙashin kujera da akwatin kayan gyara. Wakilin limami ya tsaya cikin motar wayam ya yi magana da Dagbanci, harshen garin, da Hausa, ya ce ga abin da idonsa ya gani. Aka tura hoton ko'ina, aka kai gidan rediyo. 'Yan kallo suka watse, wasu kamar ba su ji daɗi ba.

Jami'ar ta ce zaɓi namu ne. Muna iya sayar da kayan a Yendi mu koma, ko mu bi ayarin gobe da safe. Ba ta ɓoye mana ba cewa hoton ba zai kai duk inda muryar ta kai ba, kuma wasu za su ce an saye shaidun.

A nan muka yi musayar wuri ni da Yaya. Shi da ya ƙi juyawa da rana, yanzu ya ce ya isa, yana da iyali, motar nan ita ce abincinsu. Ni kuma da na zauna ina kallon karyayyar doyata, sai na kafe a kan mu tafi. Na ce in ba mu shiga Bawku da wannan motar ba, har jikokinmu za a riƙa cewa gidan masu safarar bindiga. Ya ce to a shafe rubutun goshin da fenti. Jami'ar ta ce kada ya kuskura, motar da ta sauya kama ita ce abin zargi. Yaya ya juyo gare ni.

"Ke kika ce," in ji shi. "In wani abu ya faru, ke za ki gaya wa matata."

Muka tsince mai kyau aka sake lodi, aka sa sabon hatimi. Na kwana gidan magajiyar kasuwa, shi ya kwana cikin mota.

Da safe motoci goma sha wani abu ne a ayarin, motar soja ɗaya a gaba, ɗaya a baya. Direbobin sauran motocin ba wanda ya so ya bi bayanmu ko ya shiga gabanmu, sai da aka tilasta. Aka sa mu a tsakiya, bayan wata doguwar motar fasinja. Aka kuma ba mu soja guda ya zauna a gaba tare da mu, ni a tsakiya, bindigarsa tsaye tsakanin gwiwoyinsa, bakinta na taɓa gefen zanena duk lokacin da muka faɗa rami. Mutum ne marar magana. Abin da ya ce kawai shi ne in an tsaya kada mu sauka, in an yi harbi mu kwanta.

Bayan Gushegu waya ta ɗauke. Sojan ya ce an lalata turken wajen tun makon jiya, ba a gama gyara ba. Na riƙa duba wayar duk da haka. A Nakpanduri aka tsaya aka ƙirga mu, aka sauya 'yan rakiya na gaba, sannan muka fara gangara dutsen a hankali, ƙamshin birki ya cika motar.

Mun sauka ƙasa, mun yi 'yar tafiya, sai motar gaba ta tsaya cak. Duk ayarin ya tsaya. Aka zo ana bugun ƙofofi ana cewa a kashe inji. Na'urar da ke kafaɗar sojanmu ta yi magana da Turanci, ya amsa, sannan ya ce mana an ga buhu a ƙarƙashin wata ƙaramar gada da ke gabanmu, da wayoyi sun leƙo daga bakinsa.

Wurin fili ne, gonakin gero hagu da dama, geron ya fi mutum tsawo. Ba iska. Cikin motar ya zama kamar tanda. A motar fasinjan da ke gabanmu wani jariri yana ta kuka, ina hango uwar ta gilashin baya tana jijjiga shi. Sojoji suka tashi wani ɗan ƙaramin jirgi marar matuƙi, yana ƙugi kamar zuma, ya yi gaba ya dawo ya bi ta kan gonakin. Yaya ya ɗora goshinsa a kan sitiyari. Na ji yana karanta abin da mahaifinmu yake karantawa in za a ƙetare ruwa.

Muna nan sai ga babura uku sun fito daga wata 'yar hanya cikin geron, mutum biyu biyu. Suka tsaya nesa kaɗan. Ba su kalli gadar ba, mu suke kallo. Ɗaya ya nuna goshin motar da yatsa. Sojanmu ya buɗe ƙofa ya sauka, ya tsaya a jikinta, ya yi musu alama su koma. Biyar suka tsaya inda suke. Na shidan, wani magidanci mai furfura a gemu, da adda rataye a kafaɗa irin ta manoma, ya sauka ya tako a hankali, hannuwansa a buɗe.

Ya ce da sojan wannan ce motar. Sojan ya ce ita ce, kuma jiya an sauke ta ƙasa a Yendi a gaban limamai, ba komai sai doya. Mutumin ya ce haka ake faɗa. Sojan ya ciro wayarsa da hannun hagu, ya kunna masa hoton, na dama yana kan bindiga. Mutumin ya kalla har ƙarshe. Sannan ya ɗago ya dube ni ta ƙofar da ke buɗe.

"Hajiya, kai ne mai kaya?"

Na ce ni ce.

"Ɗana yana Bawku. In akwai abu a ciki, shi za a kashe da shi."

Na ce masa ni ma wadda zan kai wa kayan a Bawku take, da 'ya'yanta da jikokinta, kuma na rantse da wanda raina ke hannunsa doya ce. Ban san abin da ya gani a fuskata ba. Ya daɗe yana kallona. Sai ya juya ya koma wurin mutanensa. Suka yi magana da harshensu, ɗaya yana ɗaga murya, shi yana girgiza kai. Ba su tafi ba, amma ba su ƙara matsowa ba.

Mun fi awa guda a wurin. Daga baya aka ce buhun yashi ne a ciki, da tsohon batir da wayoyin rediyo, an ajiye ne don a gani. Sojanmu ya hau ya rufe ƙofa, ya mayar da wayar aljihu. Da muka zo kan gadar na runtse ido har sai da na ji tayoyin baya sun sauka.

Mun shiga Bawku da sauran rana, kafin dokar hana fita. A kasuwar doya aka yanke hatimin a gaban jami'i, amma 'yan dako suka tsaya cirko-cirko, ba wanda ya matso. Mutanen da na shekara ashirin ina gaisawa da su suka riƙa kau da kai. Sai ga aminiyata ta ratso su, mace mai jiki da ciwon gwiwa. Ta ɗaure mayafinta a ƙugu, ta taka taya, Yaya ya ja hannunta ta hau. Ta yaye tamfol, ta ɗauki doya ɗaya ta miƙo mini, ta ɗauki ta biyu. Mun sauke kusan layi guda mu biyu kafin wani dattijo cikin 'yan dakon ya ce mata ta sauko kar ta faɗi, ya hau. Sauran suka bi shi.

Doyar da yawa ta yi tabo, a arha ta tafi. Ba a taɓa gano mai muryar ba, ko kuma an gano ba a gaya mana ba. Mun dawo da albasa cikin ayarin da ya taso bayan kwana biyu, lafiya lau. Da muka iso Salaga, Yaya ya ajiye motar a ƙofar gida, ya zauna a ciki bai fito ba har matarsa ta leƙo. Bayan kwana biyu ya aiko ɗiyarsa ta gaya mini in nemi wani direban, shi Kumasi zai riƙa yi. Ban je na roƙe shi ba.

Har yanzu ina zuwa Bawku, a motar wani mutumin Bimbila. Aminiyata kuwa bayan 'yan watanni 'yarta ta zo ta ɗauke ta zuwa Navrongo, 'yar ta ce ba za ta iya ci gaba da kwana da waya a hannu tana jiran labarin uwarta ba. Yanzu wata yarinyar mace ce ke karɓar kayana, mai kirki ce, tana kirana Mma, tana ba ni kujera. Ban san gidansu ba tukuna.